Yadda Rashin Tabbas kan Manufar Kuɗi Yake Tsallaka Iyakar Ƙasashe

A darasin baya mun ga aikin babban banki. Shi ne ke buga kuɗin ƙasa, shi ne kuma ke tsayar da kuɗin ruwan da sauran bankuna za su bi. Idan farashin kaya ya yi ta hauhawa sai ya ɗaga kuɗin ruwa don rance ya yi tsada, idan kasuwa ta yi sanyi sai ya sauke shi don mutane su ci bashi su yi sana'a. Wannan tsari shi ake kira manufar kuɗi. Yau za mu duba abin da ke faruwa idan mutane suka kasa gane inda babban banki ya dosa, musamman idan bankin na ƙasa ce mai ƙarfi wadda duniya ke ciniki da kuɗinta. Za mu bi labarin shekarar 2013 dalla-dalla, domin a shekarar an ga kuɗaɗen ƙasashe da dama sun faɗi tun kafin bankin da ake tsoro ya taɓa komai.

Abin da ya faru a 2013

Bayan rikicin tattalin arzikin da ya girgiza duniya a 2008, babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwansa zuwa kusan sifili a watan Disamban shekarar. Da ya ga hakan bai isa ya tayar da kasuwa ba, sai ya shiga sayen takardun lamuni masu yawa. Takardar lamuni ita ce takardar da gwamnati ko kamfani ke sayarwa idan suna neman bashi, da alƙawarin biyan kuɗin ruwa duk shekara da kuma mayar da uwar kuɗin idan wa'adi ya cika. Duk takardar da babban banki ya saya, sabuwar dala ce ya zuba a kasuwa. A farkon 2013 bankin yana sayen takardu na dala biliyan 85 kowane wata.

Dala ta yi yawa, rancenta ya yi arha. Manyan kamfanonin zuba jari na New York da Landan suka ga ajiyar kuɗi a gida ba ta kawo abin kirki, sai suka kwashi jarinsu suka nufi ƙasashen da ke biyan kuɗin ruwa mai tsoka: Indiya, Birazil, Turkiyya, Indunisiya, Afirka ta Kudu. Najeriya ma ta samu rabonta, musamman bayan da bankin JP Morgan ya sa takardun lamunin gwamnatinta cikin jerin da masu zuba jari na duniya ke bi, a watan Oktoban 2012.

Ran 22 ga Mayun 2013, shugaban babban bankin Amurka na lokacin, Ben Bernanke, ya je gaban wani kwamitin Majalisar Dokokin ƙasar. Da aka yi masa tambaya, sai ya nuna cewa idan samun aikin yi ya ci gaba da gyaruwa, bankin zai iya fara rage sayen takardun a wani zama na gaba. Bai faɗi rana ba. Bai faɗi nawa za a rage ba. Bai ce za a ɗaga kuɗin ruwa ba, kuma a gaskiya ba a ɗaga shi ba sai a Disamban 2015, wato bayan shekara biyu da rabi. Amma maganar ta bar tambayoyi a buɗe, kuma kowane mai kuɗi ya amsa su da abin da ya fi jin tsoro. A daidai lokacin kuma ba a san wanda zai gaji Bernanke ba, domin wa'adinsa na dab da ƙarewa, ana ta ja-in-ja tsakanin sunan Larry Summers da na Janet Yellen. Ga rashin sanin abin da za a yi, ga rashin sanin wanda zai yi.

Kuɗin ruwan takardar lamunin gwamnatin Amurka ta shekara 10, wanda yake wajen kashi 1.6 cikin ɗari a farkon Mayu, ya kai kashi 3 a farkon Satumba. Jarin da ya fita neman riba ya juyo gida. Rupin Indiya, wanda ake canza dala ɗaya a kan kimanin 55 a watan Mayu, ya faɗi har ya kusa 69 ran 28 ga Agusta. Kuɗin Indunisiya da na Birazil da na Turkiyya da na Afirka ta Kudu duk suka bi sahu. Sai ga shi ran 18 ga Satumba bankin na Amurka ya zauna ya ce ba zai rage komai ba tukuna. Ragin farko sai a Disamba aka sanar da shi, kuma ɗan kaɗan ne, daga dala biliyan 85 zuwa 75. A tsaya a lura da wannan da kyau: daga Mayu har zuwa Disamba manufar kuɗin Amurka ba ta canza ko kaɗan ba. Abin da ya canza shi ne tabbacin da mutane suke da shi game da ita.

Lissafin mai zuba jari

Domin mu gane dalilin gudun, bari mu yi lissafi da ƙananan alƙaluma, a matsayin misali kawai. A ce wani ya ci bashin dala 100 a Amurka a kan kuɗin ruwa kashi 2 cikin ɗari. Ya canza su a kan rupi 55 kowace dala, ya samu rupi 5,500. Ya sayi takardar lamunin Indiya mai biyan kashi 8. Bayan shekara yana da rupi 5,940. Idan canji bai motsa ba, zai mayar da su ya samu dala 108, ya biya bashinsa na dala 102, ya ci ribar dala 6.

To amma a ce kafin ya fita rupi ya faɗi zuwa 68. Rupinsa 5,940 yanzu dala 87 ne da 'yan canji. Ana binsa 102. Ribar dala 6 yake nema, sai ga asarar kusan dala 15. Duk wanda ya yi wannan lissafi ya san ba sai ya jira tabbaci ba. Idan har akwai yiwuwar wasu su riga shi fita, gara shi ya riga su. Da ya sayar da rupinsa ya sayi dala, ya ƙara wa rupin rauni, sai na kusa da shi ya ga abin da yake tsoro ya fara tabbata, shi ma ya sayar. Ta haka tsoron faɗuwa yake haifar da faɗuwar.

Duk wanda ya taɓa bin babbar tirela a baya a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya da dare, tirelar da fitilar birkinta ba ta aiki, ya san wannan hali. Direban tirela bai taka birki ba, amma da ta ɗan yi tangaɗi sai na bayanta ya taka nasa, na bayan wannan ya taka da ƙarfi fiye da shi, can baya kuma ƙaramar mota ta faɗa rami. Matsayin babban bankin Amurka ke nan a kan hanyar kuɗin duniya. Kusan kashi 9 cikin 10 na cinikin canjin kuɗi a duniya, dala ce a gefe ɗaya. Fiye da rabin ajiyar kuɗaɗen waje na manyan bankunan ƙasashe da dala aka yi shi. Ɗanyen mai da alkama da zinariya duk da dala ake yi musu farashi.

Inda abin yake taɓa mutane

Gudun masu zuba jari shi ne ake fara gani, amma ba shi ya fi ciwo ba. Akwai gwamnatoci da kamfanoni da suka ci bashi da dala alhali kuɗin shigarsu da kuɗin gida ne. Kamfanin da ke sayar da siminti a Istanbul da kuɗin Turkiyya, amma ana binsa bashin dala, idan kuɗin ƙasarsa ya faɗi da kashi 20 to nauyin bashinsa ya ƙaru ke nan ba tare da ya ci sabon kwabo ba. Sai ya dakatar da gina sabuwar masana'anta, ya rage ma'aikata. Bankunan waje kuma, da zarar sun ga hazo, sai su ƙi sabunta rancen da suka saba sabuntawa duk wata uku ko shida.

Akwai kuma jira, wanda ba ya fitowa a jarida amma yana cin tattalin arziki sosai. Ɗan kasuwar da ke shigo da kaya, idan bai san nawa dala za ta kai ba ranar da zai sake saro, ba ya sa wa kayan da ke shagonsa farashin da ya saye su. Farashin da yake tsoron zai saya gobe shi yake sawa, ya ƙara wani abu a kai don kariya. Wani ma ya rufe sito ya ce sai ya ga yadda kasuwa ta tsaya. Mai son kafa injin niƙa ya ɗage zuwa baɗi. Mai ɗan rarar kuɗi ya je wurin 'yan canji ya mayar da su dala ya ɓoye. Babu ɗayansu da ya yi laifi, kowa kare kansa yake yi, amma idan aka haɗa su duka sai kaya su yi tsada, aiki ya yi ƙaranci.

Daga nan sai babban bankin ƙasar da abin ya shafa ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya bar kuɗinsa ya faɗi, man fetur da magani da duk abin da ake shigowa da shi za su yi tsada. Idan ya sayar da dala daga asusun ajiya don tare faɗuwar, asusun yana iya ƙarewa. Idan ya ɗaga kuɗin ruwa don masu jari su zauna, ya shaƙe 'yan kasuwar gida da ke neman rance. Yawancin bankunan waɗannan ƙasashe wannan na ƙarshe suka yi. Indunisiya ta ɗaga daga kashi 5.75 zuwa 7.5 tsakanin Yuni da Nuwamban 2013. Birazil ta kai nata kashi 10 kafin ƙarshen shekarar. Babban bankin Turkiyya ya yi zaman gaggawa cikin dare a ƙarshen Janairun 2014 ya ɗaga babban ma'auninsa daga kashi 4.5 zuwa 10 a tashi ɗaya. Indiya har harajin shigo da zinariya ta ƙara zuwa kashi 10 don rage fitar dala. Manomi ko ƙaramin ɗan kasuwa a waɗannan ƙasashe, wanda bai taɓa jin sunan Bernanke ba, shi ya biya kuɗin rashin fayyace maganarsa.

Me ya sa wasu suka fi jin jiki

Guguwar ta kaɗa ko'ina, amma ba kowa ta kayar ba. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Ƙasashe biyar ɗin da aka fi ambata suna da ciwo iri ɗaya: abin da suke saye daga waje ya fi abin da suke sayarwa, kuma da jarin baƙi mai saurin shiga da fita suke cike giɓin, ga hauhawar farashi a gida. Giɓin Indiya a shekarar kuɗi ta 2012 zuwa 2013 ya kai kashi 4.8 cikin ɗari na duk abin da ƙasar ke samarwa. Ƙasashen da ke da rarar ciniki da ajiya mai kauri, irin Koriya ta Kudu, sun ji girgizar amma ba su jigata haka ba.

Yadda Indiya ta fita ma abin koyo ne. Ran 4 ga Satumban 2013 Raghuram Rajan ya kama aiki a matsayin gwamnan babban bankin ƙasar, kuma a ranar farko ya tsaya gaban 'yan jarida ya zayyana abin da zai yi. Ya buɗe hanyar da Indiyawa mazauna waje za su ajiye dalarsu a bankunan gida bisa sharaɗi mai kyau, kuma ta wannan hanya da wata makamanciyarta aka tara kimanin dala biliyan 34 cikin wata uku. Rupi ya tsaya. Daga baya, a 2016, Indiya ta sa a doka cewa burin bankinta shi ne riƙe hauhawar farashi a wajen kashi 4, don kowa ya san ma'aunin da za a auna shi da shi. Rajan bai iya canza abin da ake yi a Washington ba, amma ya rage rashin tabbas ɗin da ke hannunsa. Shi ɗin dai bai yi shiru ba: a farkon 2014 ya fito fili ya koka cewa haɗin kan ƙasashe a harkar kuɗi ya wargaje, manyan ƙasashe na yin abin da ya dace da su suna barin saura da ɗawainiya. Kukansa na da hujja. Dokar da ta kafa aikin babban bankin Amurka ta ɗora masa kula da samun aiki da daidaiton farashi a cikin Amurka ne kawai. Ba a tambayarsa halin da Jakarta ko Legas ke ciki.

Kada a ɗauka kuma Amurka ce kaɗai. Tun Satumban 2011 babban bankin Suwizalan ya yi alƙawarin ba zai bar kuɗinsa ya yi tsadar da ta wuce faran 1.20 a kan yuro ɗaya ba. Ran 15 ga Janairun 2015, ba gargaɗi, ya janye alƙawarin. Cikin mintoci faran ya yi tashin gwauron zabo. A Polan akwai iyalai sama da rabin miliyan da suka ci bashin sayen gida da faran saboda arhar kuɗin ruwansa, suka wayi gari bashinsu ya kumbura. Hungari ta tsira ne saboda 'yan watanni kafin nan ta riga ta tsayar da farashin da za a mayar da irin waɗannan basussuka zuwa kuɗin gida.

Mu ma muna da na bayanmu

Idan Najeriya ƙaramar mota ce a bayan Amurka, to a wurin maƙwabtanta ita ce babba. Jamhuriyar Nijar tana amfani da sefa, wanda babban bankin Afirka ta Yamma da ke Dakar ke bugawa, kuma an ɗaure shi da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Amma a kasuwannin Maraɗi da Birnin Ƙonni da sauran garuruwan bakin iyaka naira tana yawo hannu da hannu, domin Najeriya ce babbar mai sayen dabbobi da waken Nijar. A 2015 da farkon 2016, lokacin da farashin mai ya faɗi, Babban Bankin Najeriya ya riƙe dala a kan kimanin naira 197 yayin da a kasuwar bayan fage ta haura 300. Wata da watanni kowa na tambayar yaushe za a karya darajar naira, kuma da nawa. A cikin wannan hali JP Morgan ya cire Najeriya daga jerinsa a 2015 saboda wuyar samun dala. Da aka saki naira a Yunin 2016 ta faɗi zuwa wajen 280. Makiyayin Nijar da ya kawo raguna ya karɓi naira, idan ya je canzawa zuwa sefa sai ya ga kuɗin sun zube a hannunsa, don haka da yawa suka rage kawowa.

Sauya fasalin takardun naira ya fi wannan kusa a tunaninmu. An sanar da shi a Oktoban 2022, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000, aka ɗage zuwa 10 ga Fabrairu, sannan a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu. Mai riƙe da tsohuwar naira a ƙetaren iyaka, wanda ba shi da asusu a bankin Najeriya, ba shi da hanyar sanin ko takardar da ke aljihunsa kuɗi ce ko ta zama takarda kawai. Wanda ya yanke hukuncin a Abuja bai yi da shi ba, amma shi ma ya sha wahalar.

Ana iya rage ɓarnar

A 2021 babban bankin Amurka ya sake zuwa irin wannan mararraba, bayan kuɗin da ya zuba lokacin annobar korona. Wannan karon shugabansa na lokacin, Jerome Powell, ya yi watanni yana shaida wa duniya cewa ragin na tafe, da yadda zai kasance, kafin a fara shi a Nuwamba. Ba a ga irin gudun 2013 ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa fayyace magana da wuri yana da amfani. Sai dai ba maganin komai ba ne. Daga Maris ɗin 2022 zuwa Yulin 2023 bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5, kuma ƙasashen da bashi ya riga ya yi wa katutu suka durƙushe. A Gana dala ta tashi daga kimanin sidi 6 a farkon 2022 zuwa sama da 14 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba, kuma a watan ne gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje.

Abin da za a iya nema daga babban bankin kowace ƙasa, namu da na wasu, a fili yake. Ya faɗi burinsa da alƙaluma. Ya bayyana dalilin kowane mataki. Ya guji sanar da abu yau ya janye gobe. Ya tara ajiya a lokacin yalwa, gwamnati kuma ta yi hattara da bashin dala. Wannan haƙƙin ɗan ƙasa ne, domin shi ne ke ɗaukar asarar idan an yi ruɗani.

Aikin da za ku yi kafin haɗuwa ta gaba: kwamitin manufar kuɗi na Babban Bankin Najeriya yana zama kusan duk bayan wata biyu, na Amurka kuma sau 8 a shekara, kuma gidajen rediyo suna kawo sakamakon. Ku nemi ranar zama mafi kusa. Ku tambayi ɗan canji ko mai shigo da kaya a garinku nawa dala take mako ɗaya kafin zaman, da ranar zaman, da mako ɗaya bayansa, ku rubuta a littafinku. Sannan ku sake lissafin dala 100 ɗin nan da kanku, wannan karon da naira ko sefa, ku zo mana da amsar a kan wane farashin canji ne ribar mai jarin take ƙarewa.